Abin da Ke Sa Ƙaramar Bindiga Ta Tarwatse a Hannu

Ƙaramar bindiga takan tarwatse ne idan ƙarfin iskar da albarushi ke haifarwa ya wuce abin da ƙarfenta zai iya ɗauka. A Amurka, ƙungiyar SAAMI da aka kafa a 1926 ce ke ƙayyade iyakar matsin iskar da harsashi zai haifar. Ga harsashi mai milimita 9, iyakar ita ce fam 35,000 a kan kowane murabba'in inci.

Sau da yawa haɗarin yana fitowa ne daga harsasan da mutane ke sake cikawa a gida domin rage kuɗi, al'adar da ta yaɗu a Amurka. Kuskure na farko shi ne zuba albarushi sau biyu a kwanso ɗaya. Na biyu kuma zuba kaɗan ko mantawa da shi gaba ɗaya, sai harsashin ya maƙale a cikin bututu. Idan aka sake harbi a kansa, sai bututun ya kumbura ko ya tsage. Kwanson da aka yi ta amfani da shi yakan yi rauni ya fashe daga gindi, haka nan harsashin da ya nutse cikin kwanso yakan ƙara matsin. Laka ko ƙasa a bakin bindiga ma kan jawo irin wannan.

Sakamakon kuwa ya haɗa da karyewar yatsu, ƙuna da asarar ido. Shi ya sa kamfanoni irin su Glock ke gargaɗi a kan harsasan da aka sake cikawa. Duk harbin da ya fita ba ƙarfi alama ce ta a dakata a duba bututu.