Turke da Igiya Biyu: Koya wa Doki Tsayuwa Don a Yi Masa Aiki

Gabatarwa

A Gangara da sauran garuruwan ƙasar Jibiya, har a tsallaka iyaka zuwa Ɗan Isa da Maraɗi, ɗaurin doki da aka gada shi ne na turke: igiya a ƙafa, kai a sake, dabba tana cin harawarta. Wannan takarda tana duba wani ɗauri dabam da ake yi a bargogin Ingila da Amurka, inda ake tsayar da doki tsakanin ginshiƙai biyu, a ɗaura igiya ɗaya a kowane gefen ragamarsa. Shin ya dace da dawakinmu? In ya dace, yaya ake koyar da shi?

Amfaninsa da iyakarsa

Ƙasar Katsina ba baƙuwar sabon abu ba ce a harkar doki. Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, shi ya kafa wasan folo a Katsina, ɗansa Sarki Usman Nagogo kuma ya yi fice a wasan. Abin da ya amfani doki, masu doki sukan karɓe shi.

Ɗaurin igiya biyu yana hana ingarma juyowa ya ciji mai yi masa wanka, ko mai gyaran kofato, ko malamin dabbobi da ya zo yin allura. Ranar Hawan Sallah ma yana sauƙaƙa ɗora sirdi da kayan ado.

Amma na ɗan lokaci ne kawai. Doki na buƙatar sunkuyar da kai don ya ci, kuma don majina da ƙura su fita daga hanyar numfashinsa. Saboda haka wannan ɗauri ba zai maye gurbin turke ko talala ba.

Matakan horo

Dokin da ya tashi a turke ƙafarsa ce ta san igiya. Da ya ji an riƙe kansa ta gefe biyu, yana iya firgita ya ja baya, ya yi tsaye da ƙafafun baya, har ya kife ya ji ciwo a ƙeya.

Don haka mai horo zai fara da igiya ɗaya a hannu. Ya ja kaɗan, da zarar dokin ya matso sai ya sassauta, har ya gane cewa matsowa ce ke kawo sauƙi. Daga nan a ɗaure gefe ɗaya, wani ya riƙe ɗayan. Sai ya natsu da haka a ɗaure duka biyun, na 'yan mintoci, a riƙa ƙarawa sannu a hankali.

A tsayar da shi inda akwai katanga a bayansa. Igiyoyin su kasance daidai tsayin kafaɗarsa ko sama da haka, da ƙullin zarge mai saurin kwancewa. A ragama ake ɗaurawa. Linzaminmu na gargajiya mai kaifi ne, fizga ɗaya tana iya yaga baki.

Shawarwari

Takardar tana ba masu dawakin Gangara da kewaye shawara su fara wannan horo tun doki yana duƙushi, su taƙaita ɗaurin ga wanka da magani da ɗaura sirdi, kuma kada a bar dabba a cikinsa ba mutum a kusa.