Allura ko Ɗigo? Tarihin Rigakafin Shan-inna da Matsalar Mudun da Ake Awo da Shi



Duk wanda ya taɓa saro hatsi a kasuwar ƙauye ya kawo birni ya san ba a fara ciniki sai an daidaita a kan mudu. Idan mai saye da mai sayarwa kowa da nasa a hannu, to gardama za a yi ta yi har kasuwa ta watse. Na fara da wannan ne domin tambayar da aka fi yi wa likita da injiniya da malamin kimiyya ita ce: tsakanin wannan da wancan, wanne ya fi? Abin da nake son nunawa a wannan takarda shi ne cewa tambayar ba ta cika ba sai an faɗi mudun da za a yi awo da shi, da wurin da za a yi awon, da kuma lokacin. Zan fi daɗewa a kan rigakafin shan-inna, domin tarihinsa ya ratsa ta ƙofar gidajenmu.

A shekarar 1952 cutar shan-inna ta kama mutum kusan 58,000 a Amurka, ta kashe sama da 3,000, ta shanye wa sama da 21,000 gaɓoɓi. Cikin wannan firgici masana biyu suka ɗauki hanyoyi biyu. Jonas Salk ya ce a kashe ƙwayar cutar da sinadari, a yi wa yaro allurarta, jiki ya gane ta ya shirya mata. Albert Sabin ya ce a bar ƙwayar da ranta amma a raunana ta, a ɗiga wa yaro a baki, ta bi hanyar da cutar ke bi. Salk ne ya riga. A 1954 aka yi gwajin allurarsa da yara kimanin miliyan 1.8, wasu aka yi musu ta gaske, wasu aka yi musu wadda babu magani a ciki, wasu kuma aka sa musu ido kawai. Ranar 12 ga Afrilu, 1955, Thomas Francis, masanin da ya jagoranci gwajin, ya bayyana a Jami'ar Michigan cewa allurar tana aiki. Ba a yi wata guda ba sai murna ta koma ciki: kamfanin Cutter ya fitar da allurar da ƙwayar cikinta ba ta gama mutuwa ba, yara kimanin 200 suka shanye, 10 suka rasu.

Shi kuwa Sabin, da ya ga an riga an yi wa yawancin yaran Amurka allura, sai ya nemi filin gwaji a wani wuri. Tarayyar Sobiyet ta buɗe masa ƙofa, a daidai lokacin da ƙasashen biyu ba sa ga maciji da juna. Tare da masanin ƙasar, Mikhail Chumakov, aka ba miliyoyin mutane ɗigon a 1959. Daga farkon shekarun 1960 Amurka da kanta ta koma kan ɗigo, duniya ta bi bayanta.

To, me ya sa ɗigo ya ture allura, alhali allurar tana aiki? Amsar tana cikin hanji. Ƙwayar shan-inna ta baki take shiga, ta hayayyafa a hanji, ta fita ta bayan gida, ta kama wani yaron. A cikin yara 200 da ta shiga jikinsu, kusan ɗaya ne kawai take shanyewa; sauran suna yawo da ita ba wanda ya sani. Allurar Salk tana sa garkuwa a jini, saboda haka ƙwayar ba ta isa ga laka ta shanye ƙafa. Amma ba ta tsare hanji sosai, yaron da aka yi wa allura yana iya ɗaukar ƙwayar ya kai wa ɗan maƙwabta. Ɗigon Sabin kuwa a hanjin yake kafa garkuwa, ya datse hanyar yaɗuwa. Ga arha, domin farashin allura ya ninka nasa sau da yawa. Ga sauƙi, domin ba ya bukatar sirinji ko ma'aikaciyar jinya. Matar da aka koya wa aikin a yini ɗaya za ta iya shiga gida-gida da akwatin ƙanƙara a kafaɗa. Idan mudun shi ne kare yaro ɗaya daga shanyewa, allura ba ta da na biyu. Idan mudun shi ne korar cuta daga gari, ɗigo ne a gaba.

Duk da haka Suwidin da Finland da Holand ba su bar allura ba, kuma da ita suka kawar da cutar a tsakanin jama'arsu. Suna da tsabtataccen ruwa, suna da masai a kowane gida, kuma kusan kowane yaro ana yi masa rigakafi. Wato hanyar da ɗigo ya ƙware wajen datsewa, su famfo da magudanar ruwa sun riga sun datse musu rabinta.

Ba a likitanci kaɗai ake ganin haka ba. A 1882 Thomas Edison ya kunna tashar lantarkinsa a birnin New York da wutar da ke gudu hanya ɗaya, wadda masu gyaran wuta ke kira DC. Ba ta iya wuce kimanin mil guda ba tare da ta yi rauni ba. George Westinghouse da Nikola Tesla suka zo da mai kaiwa da komowa, wato AC, wadda taransifoma ke iya ɗaga ƙarfinta a tura ta nesa, kuma a 1896 aka kai wuta daga Niagara zuwa birnin Buffalo. Aka ce an gama da DC. Yau farantin sola da ke kan rufin gidajenmu DC yake bayarwa, batirin da ke tara wutar DC ne, wayar da ke aljihun kowa a zauren nan ita take sha. Layin da ke ɗauko wuta daga madatsar Inga zuwa Kolwezi a ƙasar Kwango, tafiyar kilomita kusan 1,700, shi ma DC ne. Haka a 1971, a sansanin 'yan gudun hijirar yaƙin Bangladesh da ke Bangaon, ledojin ƙarin ruwa suka ƙare ana tsakiyar annobar kwalara. Likita Dilip Mahalanabis ya sa dangin marasa lafiya su riƙa ba su ruwan gishiri da sukari, mace-mace suka sauko daga kashi 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da kashi 4. A asibitin da ke da kayan aiki, ƙarin ruwa ya fi ga wanda ya galabaita. A filin da babu leda babu ma'aikaci, kofi da cokali ne suka ceci rai.

Mu koma kan shan-inna, domin a nan ne labarin ya juye. A 1988, da aka ƙaddamar da shirin kawar da cutar daga duniya, tana shanye yara kimanin 350,000 duk shekara a ƙasashe 125. Ɗigo aka zaɓa, kuma ya yi aikin da ba wanda zai musa. Sai dai nasarar ce ta fito da aibinsa fili. Tunda ƙwayar cikinsa rayayya ce, nadiran takan farfaɗo ta shanye yaron da aka ba: kusan sau ɗaya a cikin ɗigo miliyan 2.4, a lissafin Amurka. Lokacin da cutar ke kwashe dubbai, ba wanda ya tsaya kan wannan. Da ta ɓace daga Amurka, ya zama yara takwas ko goma da ke shanyewa duk shekara maganin ne ya shanye su, sai hukuncin ya sauya. A shekarar 2000 Amurka ta koma kan allurar Salk gaba ɗaya. Maganin bai canja ba, cutar da ake auna shi da ita ce ta ragu.

Akwai wani abu kuma da bai kamata mu wuce shi da sauri ba. Ɗigo uku da ke wadatar da yaro a Turai ba su wadatar da yaron jihohin Uttar Pradesh da Bihar na Indiya ba. Gudawa da sauran ƙwayoyin da suka cika hanjin yaro suna hana maganin kamawa, har a ga yaron da aka ɗiga wa sau da yawa ya shanye. Wannan ne dalilin da ya sa masu rigakafi ke ta dawowa gidajenmu. Iyaye suna tambaya, ba jiya-jiya kuka ba shi ba? Tambaya ce mai ma'ana, tana kuma da amsa a kimiyyance, amma sau nawa aka tsaya aka ba su ita da harshen da suke ji?

Nan muka iso gida. A 1996 annobar sanƙarau ta kashe sama da mutum 11,000 a Nijeriya. A cikinta kamfanin Pfizer ya yi gwaji a Kano da yara kimanin 200, rabi aka ba su sabon magani mai suna Trovan, rabi aka ba su ceftriaxone. Yara 11 suka rasu, biyar a rukunin farko, shida a na biyu. Iyaye suka ce ba a sanar da su cewa gwaji ake yi ba, aka kuma yi zargin cewa an rage yawan maganin da aka ba rukuni na biyu. Kamfanin ya musanta aikata laifi, amma a 2009 ya sasanta da gwamnatin Jihar Kano a kan dala miliyan 75. Ku lura, wannan ma auna magani biyu ne, irin abin da muke magana a kai. Awon da aka yi ba da yardar masu 'ya'ya ba ya bar tabon da ya fi sakamakonsa daɗewa.

Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura. A 2003 jihohin Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da ɗigon shan-inna bisa jita-jitar cewa an sa masa abin hana haihuwa. Jita-jitar ba gaskiya ba ce, kuma ina faɗin haka ba tare da kwana-kwana ba. Kano ba ta dawo ba sai a watan Yulin 2004, da maganin da aka sayo daga Indonesiya, kuma kafin ƙurar ta lafa ƙwayar ta bazu zuwa ƙasashe kusan 20. Yaran da suka shanye a wannan tsakani yanzu samari ne da 'yanmata, muna ganin su a kan kekunan guragu. Amma talakan da ke cewa, maganin zazzaɓi sai na biya kuɗi, wannan kuwa ana bi na da shi har ɗaki kyauta, ba jahilci ne ya sa shi magana ba. Babu ɗakin gwajin da ya auna amincewar jama'a lokacin da ake kwatanta allura da ɗigo, alhali maganin da uba ya rufe wa ƙofa ƙarfinsa sifiri ne, ko kashi nawa aka rubuta masa a takarda. Abin da ya buɗe ƙofofin shi ne shigowar sarakuna da malamai, musamman kwamitin sarakunan Arewa da aka kafa a 2009 ƙarƙashin Mai Alfarma Sarkin Musulmi, da kuma jajircewar mata masu bin gida-gida. Tara daga cikin masu wannan aiki aka harbe a Kano a watan Fabrairun 2013. Allah Ya jiƙan su.

An ga yaro na ƙarshe da ƙwayar asali, wato ba ta cikin ɗigo ba, ta shanye a Nijeriya a Jihar Borno a 2016, kuma ranar 25 ga Agusta, 2020, aka tabbatar cewa nahiyar Afirka ta rabu da ita. Pakistan da Afghanistan ne kawai suka rage. Sai dai aibin ɗigo ya biyo mu ta wata fuskar da ta fi ta Amurka muni. A unguwar da yara kaɗan ne suka sami rigakafi, raunanniyar ƙwayar da ta fita daga cikin wanda aka ɗiga wa takan yi ta yawo daga hanji zuwa hanji na tsawon watanni, tana sauya kama, har ƙarfinta ya dawo. Tun 2005 muke fama da irin wannan a Arewa, galibi daga nau'i na biyu cikin nau'o'in ƙwayar shan-inna. Ina roƙon a fahimci wannan da kyau, kada a fita da shi a juye: inda aka ɗiga wa kusan kowane yaro, ƙwayar ba ta samun wurin yawo. Giɓin da aka bari ne ke renon ta.

Saboda haka aka sake lale. A 2015 Nijeriya ta shigar da allurar Salk cikin rigakafin yau da kullum. A watan Afrilun 2016 ƙasashe 155 suka cire nau'i na biyu daga cikin ɗigo cikin makonni biyu. A watan Maris na 2021 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta yi amfani da sabon ɗigo mai suna nOPV2, wanda aka gyara ƙwayarsa yadda farfaɗowa za ta yi mata wuya. Sabin ya rasu a 1993, Salk a 1995, ba tare da ɗayansu ya sallama wa ɗaya ba. Amma duk uwar da ta buɗe katin rigakafin jaririnta a yau za ta ga ɗigo tun daga haihuwa, sannan a sati 6 da 10 da 14, ga kuma allura a gefensa. Allura ta tsare jini, ɗigo ya tsare hanji.

Wannan ga yaron da ke da kati ke nan. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF na shekarun nan ya sa Nijeriya a sahun gaba a duniya wajen yawan yaran da ba su sami ko kashin farko na rigakafin yau da kullum ba, sama da miliyan 2, kuma mafi yawansu a nan Arewa suke: a rugage, a ƙauyukan da 'yan bindiga suka hana shiga, da unguwannin bayan gari da babu asibitin sha-ka-tafi kusa. A hanjin waɗannan yara ne ƙwayar ke yawo a yanzu da muke zaune a nan.