Daga Gishiri A Kan Wuta Zuwa Zarra A Cikin Ƙanƙara

Mai girma Shugaban Ƙungiya, iyayenmu malamai, 'yan uwana tsofaffin ɗalibai na Birnin Tsaba, Ƙaura, Shinkafi da Zurmi.

Waɗanda muka yi aji huɗu tare za su tuna ranar da malaminmu na kimiyya ya barbaɗa gishiri a wutar murhun Bunsen, ta koma ruwan ɗorawa. Mu dai dabo muka ɗauka. Sai da na je jami'a na gane cewa kowane sinadari da irin hasken da yake fitarwa, kamar yadda kowa da zanen yatsansa. Ta haka Bunsen da Kirchhoff suka gano rubidiyam a Jamus a 1861.

Yau abin ya wuce nan. Ƙwayar zarra, in tana cikin iska, ba ta tsayawa a dube ta. In kuwa cikin ƙarfe take, maƙwabta su dame ta. To, akwai iskar da ba ta shiga sabgar kowa, wato irin su agon da niyon. Agon yana daskarewa a digiri 189 ƙasa da sifiri, niyon a wajen 249. Sai masana su fesa zarra tare da iskar a kan gilashi mai tsananin sanyi, ta maƙale kamar ƙuda a ƙanƙara. George Pimentel na cikin waɗanda suka fara wannan a Amurka a 1954. Cibiyar wasu zarra ɗan mayen ƙarfe ce mai juyi kamar katantanwa. Da hasken leza ake karkata ta inda ake so, a kuma karanta inda ta fuskanta. Irin wannan juyi ne injin MRI ke saurare a jikin majiyyaci.

Kada wani ya ce zancen Turai ne. A 2010, da gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a yankin Anka da Bukkuyum, da na'urar hannu mai karanta hasken sinadarai aka bi gida-gida ana gwada ƙasa. Ƙwararrun daga waje suka zo, abin da har yau yake ci mini tuwo a ƙwarya.

Makon jiya na leƙa ɗakin gwajinmu. Murhu biyu suka rage, babu gas. Kun san albashin ma'aikacin gwamnati, amma na ɗauki nauyin tukunyar gas ɗaya. Ma'aji yana bakin ƙofa da littafinsa.