Kuɗin Gyaran Muhalli da Itatuwan Gonakinmu



A watan Disamba na 2021 Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 700 domin shirin ACReSAL, na farfaɗo da ƙasar da ta gaji a jihohin Arewa 19 da Abuja, kuma Zamfara tana ciki. Rance ne fa, 'ya'yanmu za su biya, saboda haka muna da bakin magana a kan inda za a kashe shi.

Mu mutanen Anka da Bukkuyum mun san yadda kuɗin gwamnati ke tafiya. Gubar dalma ta 2010 ta hallaka yara sama da 400, amma kuɗin kwashe gurɓatacciyar ƙasar Bagega bai fito ba sai 2013, bayan an yi ta matsa lamba.

Shawarata ita ce mu nemi a ware kaso domin manomin da ya raya gawo, ɗorawa, kaɗanya da tsamiya a gonarsa. Gawo yakan zubar da ganye da damina, ya zama taki, bai kuwa tare wa gero rana. Da rani dabbobi su ci 'ya'yansa. Manoman Maradi sun mayar da itatuwa gonakinsu tun shekarun 1980 ta hanyar barin tohon kututture ya girma. Wannan ya fi dashen biki, wanda awaki ke cinyewa kafin baƙi su isa Gusau.

Ina roƙon ƙungiya ta naɗa wakilai daga Gummi, Anka da Bukkuyum su kai wannan buƙata ofishin shirin a rubuce.