Jawabi Ga Ma'aikata A Kan Ziyarar Gidan Korau Da Hasumiyar Gobarau



Duk ma'aikacin Gusau ko Tsafe ko Bungudu da ya tafi birnin Katsina, ya kamata ya ziyarci wuri biyu. Na fari Gidan Korau, fadar Sarkin Katsina, inda aka daɗe ana zaman majalisa ana yanke shari'ar ƙasa. Na biyu Hasumiyar Gobarau.

Mutumin ƙasan nan ba baƙo ba ne a can. Masu tarihi sun ce Muhammadu Korau, wanda gidan ke amsa sunansa, daga 'Yandoto ya fito, kusa da Tsafe. Har yanzu kuwa sarautar Gusau Sarkin Katsina ake ce da ita.

Ita hasumiyan nan ginin ƙasa ce, tsawonta wajen ƙafa 50. An ce a zamanin Korau aka gina ta domin kiran salla. Gwamnati ta sa ta cikin kayan tarihin Nijeriya. Amma a zamanin yaƙi tana da wani aiki kuma, watau tsaro. Akan sa mutum bisa ya riƙa duban daji. In ya hangi ƙurar dawaki sai ya yi kururuwa, a rufe ƙofofi, manoma su sheƙo cikin ganuwa.

To, a lura. Mai tsaron nan ba don shan iska aka ɗora shi ba, ba kuwa don ya fi kowa ba. An ɗora shi ne don ya riga jama'a gani, ya faɗa da wuri. In ya ga ƙura ya yi shiru, don tsoro ko don kwaɗayi, an ci gari ke nan.

Haka aikin hukuma yake. Cikin 1976 aka soke En'e aka kafa ƙananan hukumomi, cikin 1996 aka yanke Zamfara daga Sakkwato, amma amanar ba ta sake ba. Malamin haraji da dagaci da malamin asibiti, kowa bisa tasa hasumiya yake. Wanda ya ga alamar yunwa, ko annoba, ko ɓarayin shanu, ko zalunci, ya kai labari tun abin yana ƙarami, ko da ba za a ji daɗinsa ba. Da ma an ce rigakafi ya fi magani.

Allah shi sa a fita haƙƙin talakawa, amin.