Gyaran auduga kafin ɗinkin bargo

Muna gaida ɗaliban yaƙi da jahilci na Dogo-Dogo, da na ƙasar Dungas da Magarya baki ɗaya.

Kowa ya san sanyin hunturu a watan Disamba da Janairu. Yara da tsofaffi su suka fi shan wuyarsa, ga mura, ga tari. Yau za mu yi magana a kan bargo mai auduga a ciki, wanda ake ɗinkawa a gida. Darasinmu guda ne: kada a sa allura sai audugar ta kwanta sumul.

Me ya sa? Iskar da ke maƙale cikin auduga ita ce ke tsare ɗumin jiki. In auduga ta daɗe a buhu ko a naɗe, sai ta danne, ta yi ninki da curi. In aka ɗinke ta haka, wani wuri ya yi tudu, wani wuri ya zama ƙyalle zalla. Ta nan sanyi ke shiga. An kashe kuɗi, yaro kuwa ya kwana yana makyarkyata.

Kakanninmu sun san wannan aiki. A zamanin sarakunan Damagaram, irin su Tanimun wanda ya rasu a 1884, barade suna sa lifidi, su da dawakinsu. Lifidi tufa ce da aka cika da auduga, aka bi ta da ɗinki kusa-kusa don ta tare kibiya. Inda cikon ya yi ƙaranci, nan kibiya ke samun hanya.

To, ga yadda ake yi.

1. A shimfiɗa tabarma mai tsabta. A baza audugar a rana ta wuni guda, ta sha iska, ta tashi.

2. A tsince angurya da ƙaiƙayi. A bubbuga ta da tsumagiya, ko a shiɓe ta da bakan shiɓa yadda masu kaɗi ke yi, har curin ya watse.

3. A shimfiɗa ƙyallen ƙasa, a ja shi ya miƙe. A jera auduga a kansa kaɗan-kaɗan. A shafa da tafin hannu daga tsakiya zuwa baki. Inda hannu ya ji rami, a ƙara. Inda ya ji tudu, a rage.

4. A rufa ƙyallen sama. A fara ɗinki daga tsakiya, a bar kamar yatsa 4 tsakanin layi da layi.

Akwai kuma ulu, wato gashin tumaki. Tumakinmu na nan, irin su uda da balami, ba su ba da shi. Akwai masu ulu a Nijar can bakin kogi, wajen Tillaberi. Wanda ya samu ulu a naɗe, ya buɗe shi, ya yayyafa masa ruwa kaɗan, ya bar shi ya kwana a shimfiɗe. Laima tana sa ninkin ya saki. Kada a danna masa dutsen guga, sai ya kwanta ya daina riƙe ɗumi. Kada a cuɗa shi cikin ruwan zafi, sai ya tsuke ya cure. A tabbata ya bushe sarai kafin ɗinki, don kada ya yi fumfuna.

Mai aiki da audugar rimi kuwa ya yi nesa da murhu da fitila, domin tana kama wuta nan take.

Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa. Wuni guda na gyara ya fi a kwance ɗinkin mako guda.

Ɗalibai, ku rubuta amsar wannan tambaya ku nuna wa malaminku: me ya sa ake fara ɗinki daga tsakiya?

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.