Takardar Neman Biya: Garkuwar Mai Ƙaramar Sana'a

(Jawabin da aka gabatar a babban taron ƙungiya na shekara-shekara)



Muna godiya ga kwamitin shirye-shirye da ya ɗora mana nauyin yin tsokaci a kan wani al'amari da ake rainawa, alhali kuwa ya durƙusar da mutane da dama. Yawancin 'ya'yan garin nan da ke zaune a birane ba albashi suke ɗauka ba. Akwai teloli, da kafintoci, da masu walda, da masu gyaran lantarki, da mata masu abincin biki, da samarin da ke aikin zane a kwamfuta. Kukansu kusan ɗaya ne: an yi aiki, an kai kaya, kuɗi sun maƙale. In aka bi diddigi kuwa, sai a tarar babu ko takarda guda da ta nuna abin da aka yi da abin da ake bi.

Bari mu fara da abin da ya faru a gaban idonmu zamanin da muke koyarwa. Wani kafinta, mutumin kirki, ya yi wa wata makarantar firamare bencina 60. Da baki aka yi ciniki, aka ba shi kafin alƙalami, ya gama aiki ya kai. Kafin a cika masa kuɗinsa sai aka yi wa hedimasta canjin wurin aiki. Wanda ya gaje shi ya ce ba ya musun maganar, amma a nuna masa a rubuce, domin shi ma masu binciken kuɗi za su tambaye shi. Haka bawan Allah nan ya yi ta zirga-zirga har shekara ta zagayo, mai katako na binsa bashi, yaran shagonsa suka watse. Babu wanda ya yi niyyar cutarsa. Da ya rubuta rabin shafin takarda, an sa masa hannu, da bai shiga wannan hali ba.

Takardu uku ne ya kamata mai sana'a ya bambance. Ta farko ita ce takardar farashi, wadda ake bayarwa kafin a fara aiki don a san nawa zai ci. Ta biyu ita ce takardar neman biya, wadda 'yan kasuwa ke kira inbois. Ana bayar da ita bayan an kai kaya ko an gama aiki. Ta uku ita ce rasit, shaidar cewa kuɗi sun shiga hannu. Kuskuren da aka fi yi shi ne a miƙa rasit alhali ba a biya ba. Wanda ya yi haka ya rubuta da hannunsa cewa ba ya bin kowa komai.

To, me ya kamata takardar neman biya ta ƙunsa?

Na ɗaya, sunan mai sana'a ko na shagonsa, da adireshi da lambar waya.

Na biyu, cikakken sunan wanda ake bi. In makaranta ce ko kamfani, a rubuta sunan wurin, kada a tsaya ga sunan jami'in da aka yi magana da shi. Jami'i yana tashi, ofis yana nan.

Na uku, kwanan wata da lambar takarda, a bi da bi: 001, 002, 003, ba tare da tsallake ko maimaitawa ba.

Na huɗu, bayanin kaya ko aiki dalla-dalla, da adadi, da farashin kowane guda.

Na biyar, jimla, da abin da aka riga aka karɓa, da abin da ya rage. A rubuta ragowar da lambobi, a sake rubuta ta da kalmomi, don kada a ƙara sifili ko a goge.

Na shida, ranar biya. "In an samu" ba rana ba ce, haka ma "ƙarshen wata". A faɗi rana da wata da shekara.

Na bakwai, sunan banki da lambar asusu, sannan sa hannun mai sana'a da na wanda ya karɓi kaya.

Ga misali. Tela ya ɗinka kayan makaranta 120, kowane a kan Naira 4,500. Jimla ta kama Naira 540,000. An ba shi kafin alƙalami Naira 200,000, saura Naira 340,000, za a biya cikin kwana 30 daga ranar da aka kai kaya. Duk wanda ya ɗauki wannan takarda, ko bai taɓa ganin telan ba, ya san inda magana ta tsaya. A yi ta kwafi biyu, ɗaya ga mai saye, ɗaya a ajiye. Littafin mai kabon da ake sayarwa a shagon littattafai ya wadatar. Mai wayar zamani kuma ya ɗauki hotonta ya aika ta WhatsApp, sai dai kada ya yarda da saƙon shigar kuɗi da aka nuna masa a wayar wani, har sai ya duba asusunsa da kansa.

Masu sha'awar aiki da ma'aikatu da manyan kamfanoni su sani cewa a can takarda ce ke magana. Galibi sai an ga rajistar sunan kasuwanci daga hukumar CAC da lambar shaidar biyan haraji kafin akanta ya buɗe fayil. Akwai kuma harajin VAT, wanda aka fara karɓa a Nijeriya a 1994 a kan kashi 5 cikin ɗari, aka ɗaga shi zuwa kashi 7.5 a watan Fabrairu na 2020. A misalinmu na tela, da VAT ya hau kansa, da an ƙara Naira 40,500 a layi na dabam. Waɗannan kuɗi amana ce ta hukuma, ba riba ba ce. Doka ta yi wa ƙananan 'yan kasuwa rangwame a kan wannan haraji, kuma sababbin dokokin da aka sa wa hannu a watan Yuni na 2025 sun sake fasalin al'amarin, saboda haka kowa ya je ofishin haraji ya ji matsayinsa kafin ya rubuta VAT a takardarsa. Haka nan in ma'aikata ta cire haraji tun daga tushe kafin ta biya, a nemi shaidar cirewar a adana.

Yanzu sai mu zo ga inda gizo ke saƙa, wato kunya. Ɗan garinmu zai rubuta wa baƙo takarda, amma in yayan abokinsa ne ko surukinsa, sai ya ga kamar rashin yarda ne. Nan ne kuwa aka fi asara, domin in an rasa kuɗi a hannun baƙo, kuɗi kaɗai aka rasa, in a hannun ɗan'uwa ne, har da zumunci. Sau nawa muka zauna sulhu tsakanin mutum biyu masu gaskiya, kowa na rantsuwa, alhali mantuwa ce kawai ta shiga tsakani? Malamanmu sun sha tuna mana cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani mai girma, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Abin da aka yi umarni da shi tsakanin muminai ba zai zama cin fuska tsakanin 'yan gari ɗaya ba.

In ranar biya ta wuce, a yi tuni cikin ladabi, a ambaci lambar takarda da adadin kuɗi. In an sake yin shiru, a rubuta wasiƙa a haɗa da kwafi. Kada a karɓi sabon aiki daga wanda bai sauke na baya ba, domin jarin ƙaramin mai sana'a ba ya jure dogon bashi.

Daga ƙarshe, muna kira ga manyanmu masu riƙe da muƙamai. In kun ba ɗan gida aiki, ku da kanku ku ce ya kawo takarda, ku cire masa nauyin baki, ku kuma biya a ranar da aka rubuta. Muna kuma roƙon shugabannin ƙungiya su keɓe yini guda a kowane reshe, 'ya'yanmu akantoci su zaunar da masu sana'a su koya musu wannan aiki da alƙalami a hannu. Ba zai ci mana komai ba sai lokaci.

Kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya sa albarka a sana'o'inmu, ya mai da kowa gidansa lafiya.